Giyar inabi ta kosha: wadda za ki saya da araha, da wadda ba za ki taɓa ba

Tambaya: Ni 'yar Jos ce, Kirista, ina aikin girki a gidan wasu Yahudawa a Brooklyn da ke birnin New York. Makon jiya na buɗe kwalbar giyar inabi na zuba a nama, sai uwargidan ta zubar da sauran, ta ce ba laifina ba ne amma ba za su iya sha ba. Yanzu ta ɗora mini sayen ta sha da ta girki, kuma kuɗin ba yawa. Me ya sa ta zubar, kuma wacce zan saya?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba ƙyamarki ta yi ba. Akwai kalma ɗaya da za ki riƙa nema a bayan kwalba, mevushal, ma'anarta da Ibraniyanci "dafaffe". Kwalbar da aka zubar ba ta da wannan kalma, shi ke nan abin da ya faru.

A shari'ar Yahudawa, inda ake kiran abin da ya halatta a ci ko a sha "kosha", giyar inabi ba kamar sauran abinci take ba. A zamanin da, masu bautar gumaka suna kwarara ta a gaban gunki don sadaka, sai malamansu suka hana shan duk wadda wanda ba Bayahude ba ya sarrafa, har da ƙarin dalilin kada zaman shaye-shaye ya kai ga auratayya. Saboda haka tun daga matse inabin har zuwa toshe kwalba, Bayahude mai kiyaye ranar Asabar ne kaɗai ke sa hannu. Ana kuma lura da abin da ake tace ta da shi: ba a amfani da jelatin na dabbar da ba ta halatta ba, galibi wata irin farar laka ake sawa. Muddin kwalba na rufe da hatiminta, ki ɗauka, ki sa a jaka, ki jera a firji, babu komai. Da zarar an buɗe, in kika zuba ko kika girgiza, ta haramta a gare su. Amma wadda aka dafa ta fita daga wannan hukunci, kowa na iya zubawa. Yanzu ba a tukunya ake tafasa ta ba, ana ɗumama ta ne na 'yan daƙiƙoƙi zuwa tsakanin digiri 75 da 90 a ma'aunin Celsius, gwargwadon malaman da kamfanin ke bi, sannan a sanyaya nan take. Masu son iyayi a harkar giya kan ce dafawar na rage ɗanɗano. A kwalbar dala goma ni dai ban taɓa jin bambancin ba.

Abu na biyu da za ki duba shi ne tambarin masu sa ido, wato malaman da ke tabbatar da cewa kaya kosha ne. A Amurka wanda ya fi yawa harafin U ne cikin da'ira, na ƙungiyar Orthodox Union, sai K cikin da'ira, sai K cikin tauraro na Baltimore. In da harafin P a gefe, ta halatta a Idin Ƙetarewa. Tambayi uwargida wane tambari gidansu ke karɓa, domin wasu gidajen Brooklyn, musamman na Hasidawa, wata ɗariƙar Yahudawa mai tsananin riƙo da addini, ba kowane suke yarda da shi ba.

Ga batun saye. Ta addu'ar Juma'a da daddare, wadda suke kira kiddush, mafi araha su ne masu zaƙi irin Kedem da Manischewitz, galibi ƙasa da dala 10. Da inabin Concord ake yin su, wanda ake nomawa a jihar New York. Tsami gare shi sosai, shi ya sa Yahudawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai a ƙarshen ƙarni na 19 suka riƙa zabga masa sukari, har mutane suka ɗauka duk giyar kosha zaƙi ce kamar maganin tarin yara. Ki kula da Manischewitz: ta yau da kullum da zaƙin masara ake haɗa ta, Yahudawan Ashkenazi kuwa, wato 'yan asalin tsakiya da gabashin Turai, ba sa cin masara a Idin Ƙetarewa, don haka ake yin ta musamman da sukarin rake a lokacin. Ta sha da abinci, marar zaƙi, ki nemi Baron Herzog ta Kalifoniya, ko Barkan Classic ta Isra'ila, ko Teal Lake ta Ostireliya, ko Alfasi ta Chile. Yawanci ba sa wuce dala 15, kuma akasarinsu dafaffu ne, amma ki karanta kowace kwalba da idonki, kamfani ɗaya kan fitar da iri biyu. Bartenura Moscato mai shuɗiyar kwalba, ta Italiya, tana da zaƙi da ɗan kumfa, barasarta kusan kashi 5 cikin ɗari. Baƙi na son ta, sai dai ba ta girki ba ce. Yarden ta kamfanin Golan Heights, wanda aka kafa a 1983, tana da kyau, amma ta fi tsada kuma ba a dafa ta. In kin gan ta a kan tebur, janye hannunki.

A girki ne aka fi yin asarar kuɗi. Babban kanti a New York ba ya sayar da giyar inabi ta gaske, sai shagon giya, don haka abin da za ki tarar a kanti kusa da man zaitun wata ce da aka rubuta "ta girki", cike da gishiri. Bar musu kayansu. Kina ƙafar da romo, gishirin na ƙaruwa, kafin ki ankara nama ya zama kanwa. Sayi mafi arahar ja marar zaƙi, Cabernet ko Merlot, don naman ƙirjin saniya da suke so a ranakun idi. Kofi ɗaya zuwa biyu ya isa tukunyar gida, ki zuba bayan kin soya albasa ki kankare abin da ya kama a gindin tukunya, nan daɗin yake. Kaza da kifi fara suke so, Sauvignon Blanc ko Chenin Blanc. Mai zaƙin nan ta Concord wurinta charoset, haɗin tuffa da gyaɗar turawa da kirfa da ake ci a daren Idin Ƙetarewa, inda kowane babba ke shan kofi huɗu. Shi ya sa shaguna kan karya farashi a watan Maris zuwa Afrilu, lokacin sayen katan ke nan. Abin da ya rage a kwalba kwana huɗu ko biyar yake yi a firji. In ba za ki ƙarar ba, zuba a farantin ƙanƙara, ki riƙa ɗaukar ɗaya-ɗaya.

Kuskuren da masu girkin da suka koyi na Faransa ke yi shi ne jefa bota a romon giya don ya yi sheƙi. A gidan nan nama da nono ba sa haɗuwa, har tukunyar sai ki jawo mata matsala. Haka ruwan tsami na inabi, da balsamic, da ruwan inabi na yara marar barasa, duk hukuncin giyar ya hau kansu, sai da tambari.

Tunda Musulmi da yawa za su karanta wannan, bari in faɗa a fili: kosha ba ta nufin halal a nan. 'Yan'uwa a Turai da Amurka kan sayi naman kosha bisa ayar Suratul Ma'ida kan abincin Ma'abota Littafi, amma a surar nan dai aka haramta giya, kuma dafawar mevushal ba ta cire barasa. Girki ma ba ya cire ta duka. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 30 a kan wuta kusan kashi 35 na nan, bayan awa biyu da rabi saura kashi 5. Mai son irin wannan ɗanɗano ba giya, ya haɗa romon ƙashi da ruwan inabi marar sukari da matsin lemun tsami. In kuwa wata rana gidan ya yi baƙo Musulmi, ki sanar da uwargida tun kafin ki ɗora tukunya.