Fita da jaririya kafin arba'in

Ɗiyata, ya jego, ya kwanan takwarata? Allah ya raya mana ita. Na ji saƙonki: angon ƙarni na son ya kai ku Balad, tsohon garin Jidda, bayan tarawihi ku ci hanta ku sha sobiya, abin shan nan mai zaƙi na azumi, surukarki kuma ta ce ba inda za ki sai kin yi arba'in, shi ne kike tambaya ko addini ne ko al'ada.

Al'ada ce. Abin da malamai suka ƙayyade jinin biƙi ne: Hambaliyyar nan Saudiyya ta ce iyakarsa kwana 40, Malikiyyar da iyayenmu suka zo da ita daga gida ta ce 60, kuma zancen salla da azumi ake yi, ba zancen taka ƙofa ba. Duk da haka ina bayan surukarki. Tsofaffinmu sun san mace ba ta iya buɗe baki ta ce wa miji ko baƙi ta gaji, shi ya sa suka yi mata katanga da kwanakin nan: a dafa mata ruwan wanka, a dama kunun kanwa, a gasa nama da yaji, kowa ya ɗauke mata aiki. Ranar da aka gan ki a kasuwar Suƙul Alawi ta Balad ƙarfe ɗayan dare, ranar hidima ta ƙare, za a ce ai ta warware. Hantar kuwa ya je ya sayo miki da zafinta, mai jego ta fi kowa buƙatarta.

Ita yarinyar ko allurar wata biyu ba a yi mata ba. Kin san Balad a goman ƙarshe na azumi, daga Bab Makka har Baitu Nasif ba masaka tsinke, ga masu umara daga ko'ina kowa da irin tarinsa, ga hayaƙin gawayi, ga masu dafaffen waken balila na ƙwala talla. Jaririn da bai kai wata uku ba, zafin jikinsa ya kai 38, asibiti ake nufa a daren, ba a jiran wayewar gari. Azumin baɗi tana tatata, sai ku je.

In kin yi arba'in ma, ba da gidan abinci ake farawa ba. Ki yi kitso da lalle, ki kai ta gidan kakanninta na wajen uba, sannan ki kawo mana ita nan Makka, unguwar Misfala, a sa mata albarka, ta karɓi 'yan riyalolinta. Dattijon da ya ji an ga jikarsa a kasuwa kafin a kawo masa ita ba zai ce miki komai ba, amma zai riƙe.

Bayan nan ku fita abinku. Tun 2019 aka daina tilasta wa gidajen abinci raba ƙofar iyali da ta gwagware, amma ki nemi mai ɗaki da labule, ki ba ta nono a natse. Ku bari magariba ta wuce, wannan kam akwai hadisi a kai. Ki tofa mata addu'ar da Manzon Allah (SAW) yake yi wa Hasan da Husaini, ta ishe ki maganin baki. A mota kujerar jarirai za ta shiga, ko surukarki ta ce cinya ta fi. In kin goya ta kada ki lulluɓe ta da abaya a zafin Jidda, hancinta ya zama a waje. Masu cewa a ɗan lasa mata sobiya, ko Zamzam ne, ki yi murmushi ki ce ta ƙoshi. Nono ya ishe ta har wata shida, zuma kuwa sai ta shekara.

Ki gaida surukarki da kyau, ki ce gwaggonki na godiya da ɗawainiya. Ki sanar da ni ranar zuwanku in sa a jiƙa gero.