Mai wallafa ne ko mai injin bugawa? Amsoshin tambayoyin marubuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala littafina na farko, ƙagaggen labari mai shafi 180. Wani kamfani ya ce zai wallafa, amma in kawo N600,000, su ba ni kwafi 200. A takardar da suka turo an rubuta cewa haƙƙin littafin ya koma hannunsu. In biya? Malam S., Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sa hannu a takardar nan yadda take. Biyan kuɗin ba shi ne ya dame ni ba, wancan layin na haƙƙi ne.

Sana'o'i biyu ne mutane ke haɗawa wuri ɗaya. Mai wallafa shi ke zuba kuɗinsa. Zai zaɓi littafi, ya biya edita, ya buga, ya kai kasuwa, ya riƙa ba marubuci kasonsa daga ciniki, kuma saboda kasadar da ya ɗauka ne ake ba shi izinin littafin na wani lokaci. Mai maɗaba'a kuwa aiki kake ba shi, ka biya shi ladansa, ka kwashe kayanka. Wanda ya ce kuɗin naka, haƙƙin nasa, cin tudu biyu yake so ya yi.

Babu abin kunya a mutum ya buga littafinsa da aljihunsa. Tun shekarun 1980, lokacin da kamfanonin wallafa irin su NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) ta Zariya ba sa iya ɗaukar sababbin marubutan da ke ta ɓullowa, haka marubutan Kano suka yi, har suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Da wannan hanyar adabin Hausa na zamani ya tsaya da ƙafafunsa. Waɗanda suka sha wuya a cikinsu su ne waɗanda suka sayar wa dilolin littattafai rubutunsu kacokan, aka yi ta sake bugawa shekara da shekaru, ko sisi bai dawo musu ba.

Ga abin da za ka yi. Ka ce su rarraba maka kuɗin a rubuce: nawa ne na gyaran rubutu, nawa na tsara shafuka, nawa na bango, nawa na bugu. Ka ɗauki takardar ka je wa maɗaba'u biyu a Kano ko Kaduna ko Zariya, su faɗa maka nasu farashin a kan irin wannan takarda da wannan adadi. Sannan ka nemi littafi biyu da kamfanin ya taɓa fitarwa, ka riƙe su a hannu. Buɗe tsakiya ka ɗan danna, ka ga ko shafuka za su fara ɓallewa daga gam. Duba haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ko sun fito daidai, ko kuwa sun koma ƙananan akwatuna. Idan ka ga an bar “kasa” inda ake nufin “ƙasa” shafi bayan shafi, to babu editan Hausa a gidan, kada ka biya kuɗin gyara. Ka tambaye su kuma a wane shago ake sayar da littattafan nasu, ka je ka gani da idonka.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita, kuma doka ta ce a kai masa kwafi 3 na littafin da aka wallafa. Ka san da sunan wa za a karɓi lambar. In kai ka biya komai, su damƙa maka fayil ɗin ƙarshe na shafuka da na bango, don in ka so sake bugawa a wani wuri kada ka koma roƙo.

Haƙƙin littafinka naka ne tun ranar da ka rubuta shi, kuma a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 sai da rubutacciyar yarjejeniya ake miƙa shi ga wani. Shi ya sa sa hannun nan yake da nauyi. In za ka ba da izini, a rubuta na shekara nawa ne, kuma na me: bugu na takarda kaɗai, ko har da sayarwa a manhaja, da karantawa a YouTube, da fim, da fassara. Kowanne kasuwa ce daban. A kuma rubuta cewa in kamfanin ya daina aiki ko ya daina sayar da littafin, haƙƙin ya dawo gare ka. Ga misali, manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka yi ciniki a cikinta, ta rufe a 2023. In kamfanin ya ƙi cire wancan layin na haƙƙi, ka riƙe kuɗinka.

Tambaya: Ina da gajeren labari da na taɓa sawa a zaurenmu na WhatsApp da manhajar labarai ta Wattpad, mutane sun yaba sosai. Zan iya tura shi gasar Hikayata? Wata ta ce in ba ta N5,000 ta yi mini rajista. Malama H., Gusau.

Amsa: Malama, kada ki ba ta. Hikayata, gasar da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta, ba a biyan kuɗin shigarta. Ke da kanki za ki tura, ta hanyar da suka sanar a shafinsu, kuma can za ki karanta ƙa'idojin bana, don sukan sauya wani abu daga shekara zuwa shekara. Kada ki dogara da saƙon da aka yi ta turawa daga zaure zuwa zaure.

Batun labarin kuwa, yawancin gasanni da mujallu sabon aiki suke nema, kuma abin da ya hau Wattpad ko Facebook a wurinsu an riga an wallafa shi, ko da kin goge daga baya. Ni dai shawarata ki rubuta sabo. Tsawon da aka saba nema kalma 1,000 zuwa 1,500 ne, wuri ne ƙarami ƙwarai. Kada ki matse littafi guda a ciki. Zaɓi mutum ɗaya da damuwa ɗaya, ki shiga cikin maganar tun layin farko, ki bar bayanin hadari da iska da tsarin falo. Ki kuma wanke rubutun daga al'adar waya: “xan”, “wlh”, “dn Allah”. Alƙalai suna duba daidaitacciyar Hausa, kuma abin takaici ne labari mai rai ya faɗi a kan abin da karatu biyu a natse zai gyara.

Tambaya: Da Turanci nake rubutu. Wasu mujallun waje suna neman dala 3 kafin su karanta, wata gasa kuma dala 20. Ya cancanci in biya? Kuma zan iya tura labari ɗaya wurare da yawa? A., ɗalibi, Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, dala 3 ɗin nan ba lallai damfara ba ce. Mujallun Amurka da yawa suna karɓarta ta shafin Submittable don rage kuɗin gudanarwa. Amma kuɗin karantawa ne kawai, ba ya ƙara maka ko taku ɗaya zuwa ga karɓuwa, kuma ɗalibi mai lissafi da naira bai kamata ya fara daga nan ba. Gasar gajerun labarai ta Commonwealth kyauta ce: kalma 2,000 zuwa 5,000, aikin da ba a taɓa wallafawa ba, ana buɗewa 1 ga Satumba a rufe 1 ga Nuwamba, gwarzon kowane yanki fam 2,500, na gaba ɗaya fam 5,000. Tana karɓar labarin da aka fassara zuwa Turanci, abin da ya kamata masu rubutu da Hausa su sani. Ka kuma zauna ka karanta mujallun adabin Afirka irin su Lolwe da Isele da Agbowó, da Omenana in labaranka na aljanu ne ko ƙagaggen kimiyya. Karanta fitowa biyu na mujalla kafin ka tura mata komai, za ka gane ko gidanka ne. Gasar dala 20 kuwa, sai in ka san alƙalanta da sunayen waɗanda suka ci a baya.

Tura labari ɗaya wurare da yawa, yawancinsu sun yarda, amma duba shafin ƙa'idojin kowacce. Ka buɗe littafin rubutu ka riƙa sa sunan labari da mujalla da ranar turawa. Amsa takan ɗauki wata 3 zuwa 6, don haka kada ka dame su da imel kafin wa'adin da suka faɗa ya cika. Ranar da ɗaya ta karɓa, a ranar za ka rubuta wa sauran layi biyu na godiya, ka ce ka janye labarin.