Likita, Wai Daga Gare Ni Ciwon Ya Fito?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana na fari ya rasu yana wata tara. Bai taɓa riƙe wuyansa ba, ga jijjiga, ga numfashi sama-sama. A asibiti aka ce ciwon maitokondiriya ne. Yanzu ina da cikin wata biyar, an yi min hoto an ce akwai ruwa a cikin kan jaririn. Ƙanwar mijina ta karanta a waya cewa daga uwa ake gadon ciwon, surukata kuwa ta riƙe maganar. Ni da mijina 'ya'yan wa da ƙane ne. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sa mai ceto ne, ya sauke ki lafiya.

Maitokondiriya wasu 'yan ƙananan murahu ne a cikin ƙwayoyin jikinmu, su ke mayar da abinci ya zama ƙarfi. Ƙwaƙwalwa na cikin gaɓoɓin da suka fi cin wannan wuta tun ɗa yana ciki. In wutar ta yi ƙasa, gadar da ke haɗa ɓarin dama da na hagu na ƙwaƙwalwa takan ƙi haɗuwa, ko ɗakunan ruwan da ke cikin ƙwaƙwalwar su faɗaɗa.

Ƙanwar mijinki rabin magana ta karanto. Gaskiya ne murhun yana da ƙwayoyin gado 37 da uwa kaɗai ke bayarwa. Amma waɗanda ke gina shi sun haura 1,000, kuma daga uwa da uba suke zuwa. A ƙananan yara, yawanci nan matsalar take. Ki tuna da sikila: AS ya auri AS, dukansu lafiya ƙalau, amma kowane ciki yana da kasadar 1 cikin 4. Auren zumunci na ƙara yiwuwar ku biyu kun gaji abu ɗaya daga kaka ɗaya. Abin da ke ci min rai, da ciwo ya bayyana sai a dubi matar.

Batun ruwa kuwa, kada ki yanke hukunci tukuna. Ki koma ki tambayi mai hoton milimita nawa ya auna faɗin ɗakunan ruwan. Ƙasa da 10 daidai ne. Tsakanin 10 da 12, yawancin yara sukan taso lafiya. Wasu cututtukan da uwa kan kamu da su da ciki ma suna kawo wannan ruwan.

Ki nemi a tura ki asibitin koyarwa a sake hoton, in da hali har da MRI, wato hoton da ke nuna cikin ƙwaƙwalwa dalla-dalla, kuma a can za ki haihu don a auna sinadarin laktet, wanda kan yi yawa in murahun nan ba sa aiki daidai, a jinin jaririn da wuri. Maganin warkewa babu, amma akwai nau'in da bitamin B1 da abinci na musamman mai yawan mai ke sassauta wa, bisa umarnin likita kawai.

Katin marigayin da takardun gwajinsa, ki haɗa su a jaka ɗaya. Ranar zuwa ku tafi tare da maigidan, shi ma akwai tambayoyin da za a yi masa game da yaran danginku.