Ga 'yar uwar da ƙanƙarar kankanarta ke fitowa kamar dutse

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da fama da zafi. Na karanta tambayarki sau biyu. Kin ce kin niƙa kankana kin ƙulla wa yara a leda, ta fito da tauri kamar dutse, yaran su tsotse jan su bar miki farar ƙanƙara salam, ga wuta ba ta zama, kina neman a faɗa miki inda kika yi kuskure. Na ga wasu sun ce ki ƙara kala da filebo. Don Allah kada ki bi wannan hanyar, kala ba za ta gyara komai ba, sai dai ta rina wa yara harshe. Shekarata ta tara ke nan ina yin ƙanƙarar leda duk bazara, na fara ne don yaran gida, daga baya har maƙota ke aiko yara da kuɗi, kuma abin da ya same ki shi ya fara samuna.

Kankana kusan duk ruwa ce, sama da kashi 90 cikin 100. Idan kika niƙa ta kika tace, musamman idan kin ƙara ruwa wajen niƙan don ta yi auki, to ruwa kika daskarar, shi ya sa take cin haƙori. Abu biyu ne ke sa ƙanƙara ta yi laushi ta gatsu: sukari da kauri. Sukari yana hana ruwa haɗewa ya zama dunƙule guda, kauri kuma yana riƙe ɗanɗanon a ko'ina cikin ledar. Shi kuwa wancan fari da yara ke bari, daga jinkirin daskarewa yake zuwa. Idan firiza tana aiki a hankali, tsurar ruwan ne ke fara daskarewa, ya ture sukari da kalar gefe, sai su tsaya a tsakanin ƙanƙarar ba su gauraya da ita ba. Yaro na sa baki sai su biyo, a bar masa ruwan banza. Kin ga ke nan matsalar wutarki da matsalar haɗinki abu ɗaya suka haifa.

Ga yadda nake yi. Sukari ba na zuba shi tsaba a cikin abu mai sanyi, don ba ya narkewa duka, sai ya kwanta a ƙasan roba, ledojin farko su fito lami, na ƙarshe su yi zaƙi kamar alewa. Nakan dafa kofi 2 na sukari da kofi 1 na ruwa har ya narke sarai, in sauke ya huce, in juye a kwalba in ajiye a firji. Idan zan yi ta kankana sai in cire 'ya'yan, in niƙa ba tare da ɗigon ruwa ba, kuma ba na tacewa, don wannan ɗan tsakin naman shi ne kaurinta. A kofi 4 na niƙaƙƙiyar kankana nakan sa rabin kofi na ruwan sukarin nan, in matse lemun tsami ɗaya ko biyu, sannan gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Kada ki raina gishirin nan da lemun tsamin, su ne ke tayar da ɗanɗanon kankana. Sai abin da ya fi komai gyara ta: ki jefa nunannen mangwaro ɗaya ko ayaba ɗaya a cikin niƙan. Nan take za ki ga haɗin ya yi jiki, yana bin ludayi a hankali.

Ki ɗanɗana kafin ki ƙulla. Idan kin ji zaƙin ya yi miki daidai kamar na lemon sha, to bai isa ba. Sanyi yana dakushe harshe, abin da ya yi daidai a kofi zai zama salam idan ya daskare. Sai kin ji zaƙin ya ɗan wuce yadda kike so, sannan ya yi. Amma kada ki zarce, na taɓa cika sukari a ta mangwaro, ta kwana biyu a firiza tana nan kamar kunu ta ƙi kamawa.

Gaskiya idan ra'ayina za ki bi, ki fara koyo da mangwaro, ki ajiye kankana tukuna. Daga watan Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40 a nan Kano, lokacin ne mangwaro ke cika kasuwa, ki je kasuwar 'Yan Lemo ko ki aika da sassafe, za ki samu wanda ya nuna lugub masu shi na neman rabuwa da shi a kan kuɗi kaɗan. Wanda ya nuna ake so, ba wanda ya fara ruɓewa ba, ki duba da kyau ki sansana. Irin mangwaron da ake kira Binta suga ba ya buƙatar sukari mai yawa. Ƙananan nan masu zare sun fi ƙamshi, sai dai dole ki murje su a rariya da bayan ludayi, in ba haka ba zaren zai maƙale wa yara a haƙori. Kofi 3 na naman mangwaro, kofi 1 na tafasasshen ruwa da ya huce, ruwan sukari kamar cokali babba huɗu, lemun tsami rabi. Wannan ko firizarki mai rauni ce, da wuya ta ba ki kunya, tana fitowa lukwi, yaro ya gatsa ba tare da ya yamutsa fuska ba.

Bayan mangwaro, wadda na fi so ita ce ta kuka, irin garin 'ya'yan kukar da ake kwalba da nono da shi. Ki jiƙa a ruwan ɗumi kamar rabin awa, ki dama, ki tace da rariya mai laushi saboda zare da 'ya'yan. Ita da kanta take yin kauri ba sai an taimake ta ba, kuma idan kika haɗa ta da madara kaɗan da sukari, ba yaro ba, ko babba sai ya nemi ƙari. Tsamiya da zoɓo kuwa ruwa ne tsararo kamar kankana, su ma suna son rakiya. Zoɓo nakan dafa shi da kauri fiye da na sha, da citta da kanumfari, in niƙa abarba in zuba a ciki. Tsamiya kuma nakan gauraya ta da ɗan ruwan kukar nan. Gwaiba tana da daɗi ƙwarai amma sai an tace ƙwayayenta tas. Lemun zaƙi kaɗai ba ya yin kyau, kuma idan ya daɗe a matse yakan ɗan yi ɗaci, gara ki matse shi a kan mangwaro ki ƙulla nan da nan.

Tunda na ambaci madara, bari in gaya miki asarar da na taɓa yi don kada ki maimaita. Wata rana ana gobe baƙi za su zo, na niƙa ɗanyar abarba guda biyu da madarar gari kusan rabin gwangwani, na ɗanɗana, daɗi kamar me. Sai aka kira ni maƙota, na bar haɗin a roba kamar awa biyu kafin in dawo in ƙulla. Washegari babbar 'yata ta gatsa ta tofar, ta ce Umma ɗaci. Na ɗauka tsirfar yara ce, na ɗanɗana da kaina, wallahi kamar an jiƙa maɗaci. Leda sama da hamsin na zubar. Daga baya na fahimci ɗanyar abarba tana da wani sinadari da ke narkar da madara ya mayar da ita mai ɗaci, gwanda ma haka, shi ne dalilin da ya sa ake laushin nama da su. Maganinsa ki dafa abarbar da ɗan sukari kamar minti biyar bayan ta tafasa, ki bari ta huce sarai, sannan ki haɗa da madara ko yogot. Ko kuma ki yi ta abarba zalla ba madara, wannan ba ta da matsala.

Wajen ƙullawa, ki sayi ƙananan fararen ledoji sirara na ƙanƙara, kada ki yi manya don ganin sun fi auki. Ƙarama ta fi saurin kamawa, saurin kamawa kuma shi ke hana wancan farin da kika koka a kai. Ni mazurari nake amfani da shi da ƙaramin ludayi ɗaya a kowace leda, don su zo daidai kada yara su yi rigima. Ki bar ɗan wuri a sama kafin ki ɗaure, saboda ruwa yana kumbura kusan kashi ɗaya cikin goma idan ya daskare, ledar da aka cika dam sai ta fashe ta ɓata sauran. Kuma ki matse iska ta fita. Idan kina da robobin nan masu sanda, ko ƙananan kofunan roba, su ma suna yi, sai dai a kofi ki jira awa ɗaya ko biyu haɗin ya fara kamawa kafin ki soka sandar, don ta tsaya a tsakiya. Wajen cirewa ki tsoma gindin a ruwan da ba sanyi na ɗan lokaci, za ta zame da kanta.

Kuskuren da mu mata muka fi yi shi ne zuba ledojin a roba guda a tura firiza. Na waje su daskare, na tsakiya su kwana da ruwansu. Ki jera su kwance ɗaya bayan ɗaya a kan faranti na silba, ko ki manna su da jikin firizar, kada wata ta hau wata. Haɗin ma ki fara sanyaya shi kafin ki ƙulla, kada ki sa abu mai ɗumi. Bayan kamar awa ɗaya ki buɗe sau ɗaya, ki jujjuya kowace leda ki ɗan mammatsa ta, don abin da ya kwanta ya sake gauraya. Idan wuta ta zauna, ƙananan ledoji sukan kama cikin awa biyar zuwa shida.

Maganar wuta kuwa, kowa da nasa kukan. Abin da ya taimake ni shi ne na daina barin firiza wayam. Duk wani gurbi na cike shi da robobin ruwa, idan suka daskare su ne ke riƙe sanyi bayan an ɗauke wuta. Kuma na hana yara buɗe-buɗe, ƙanƙarar yini nakan kwashe ta sau ɗaya a ƙaramar kula, firiza kuma a rufe ta sai dare. Idan an ɗauke wuta nakan lulluɓa mata tsohon bargo, da an kawo in yaye don injin ya sha iska. Haɗi kuma ba na yi sai na ga alamar wutar dare, in an saba kawo muku ƙarfe goma, ki gama ƙulli kafin lokacin. Ranar da kuwa babu wutar sam, akwai dabarar da na gwada ta yi: ki sayi ƙanƙarar bulo, ki farfasa ƙanana a cikin kula, ki barbaɗa gishiri mai yawa, kamar kwano ɗaya na gishiri ga kwano uku na ƙanƙara, ki binne ledojin a ciki ki rufe. Gishiri yana sa sanyin ya sauka ƙasa da na ƙanƙara zalla, har ya daskarar da abin da ke cikin leda. Sai dai ki ninka ledar biyu, ki ɗauraye kafin ki ba yaro, don gishirin yana neman kafa.

Akwai abin da na fi son ki riƙe fiye da duk waɗannan, don shi ya taɓa sa ni kwanan zaune. Firiza ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take yi, da abu ya narke sai su farka. Ruwan da ba za ki ba jaririnki ba, kada ki yi ƙanƙara da shi. Ki tafasa, ki wanke bayan kankana da mangwaro kafin wuƙa ta taɓa su, ki wanke hannu da sabulu, kuma kada ki hura leda da baki don ta buɗe, na san da yawanmu muna yi ba mu lura ba. Amai da gudawa da taifod ta irin wannan hanyar suke shiga gida. Wata bazara wuta ta yi mana kwana biyu ba ta zo ba, ƙanƙarar madara ta narke, da aka kawo wuta ta sake daskarewa, na duba na ga lafiyarta lau na ba yara. Ƙaramin nawa ya kwana yana gudawa, ina ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari har gari ya waye muka tafi asibiti. Alhamdulillah ya warke, amma tun daga ranar, duk ƙanƙarar da ke da madara, yogot ko kunun aya, idan ta narke ta zama ruwa har sanyin ya fita, zubarwa nake yi ko nawa na kashe. Ta tsamiya da ta zoɓo sun ɗan fi juriya saboda tsaminsu, amma su ma idan ledar ta kumbura ko warin ya canza, ba na ko ɗanɗanawa. Yanzu ma duk sanda na san wuta na wasa, masu madara kaɗan nake yi, na yini ɗaya.

Idan akwai ƙanana sosai a gidan, ki yanke musu bakin ledar da almakashi da kanki, kada su ciza su haɗiye guntun. Wanda bai kai shekara ɗaya ba kada a sa masa zuma a madadin sukari. Bayan sun sha ta tsamiya su kurkure baki da ruwa saboda haƙora, kuma ki ajiye musu bokiti ɗaya na zuba ledojin, musamman idan kuna da awaki, don suna haɗiyewa.

Ki gwada ta mangwaron nan da kofi uku kacal a karon farko, za ta ba ki leda kamar goma sha biyu zuwa sha biyar, gwargwadon ludayinki. Idan ta fito yadda kike so sai ki koma kan kankanar da mangwaro ɗaya a ciki. Allah Ya ba da sa'a, Ya raya mana zuri'a, a gaida yaran.