Yawan mabiya ya isa hujjar gaskiyar Kiristanci?

Tambaya: Baba Fasto, ni ɗalibi ne a Samaru. Na ce wa abokan ɗakina yadda Kiristanci ya game duniya, da yadda mutane suka ba da ransu dominsa, ya isa hujja. Suka ce ai kowane addini yana da mabiya da shahidai. Me zan ce musu?

Amsa: Ɗana, a nan abokanka sun fi ka gaskiya, ka ajiye wannan hujjar. An kafa ɗariƙar Mormon a Amurka a 1830, yau mabiyanta miliyoyi ne. Musulunci ya kai Andalus a 711, ba a cika shekara ɗari da hijira ba. Mutuwa saboda aƙida kuwa tana nuna mutum ya yarda da ita har zuci, iyakarta ke nan.

Inda nake so ka kafa ƙafarka shi ne 1 Korantiyawa 15. Bulus ya rubuta wasiƙar wajen shekara ta 55, kimanin shekara 25 bayan gicciye Yesu, ya ce abin da ya karɓa daga na gabansa yake miƙawa: Almasihu ya mutu, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Sai ya jera shaidu, Kefas, wato Bitrus, da almajirai sha biyun nan, da 'yan'uwa fiye da 500 waɗanda yawancinsu suna raye a lokacin. Ya kuma ce in Almasihu bai tashi ba, bangaskiyarmu banza ce. Wannan magana tana girgiza ni kullum, domin ya ɗora addinin gaba ɗaya a kan abin da mutanen zamaninsa za su iya bincikawa su ƙaryata.

Ka duba kuma abin da ya saba faruwa. A Ayyukan Manzanni 5, Gamaliyel, wani malamin Yahudawa, ya tuna da Tudas da Yahuza Bagalile, waɗanda suka tara mabiya a da: da aka kashe su, jama'arsu ta watse. Haka tawayen da Bar Kokba ya jagoranci Yahudawa suka yi wa Romawa ya ƙare a 135. Almajiran Yesu ma sun gudu daren da aka kama shi, amma suka dawo Urushalima, garin da aka kashe shi, suna cewa sun gan shi da idonsu. Yaƙub ɗan'uwansa, wanda da farko bai gaskata da shi ba, ya zama jagoran ikkilisiya a can, Yusufus marubucin tarihin Yahudawa ya rubuta cewa an jefe Yaƙub ɗin a shekara ta 62. Me ya juya su? Amsar da ta gamsar da ni ita ce tashin nan ya faru.

Abokanka Musulmi za su kawo Suratun Nisa'i aya ta 157, mai cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba. Nan ne ainihin saɓaninmu, ka saurare su da ladabi. Kai kuma ka nuna musu cewa Tasitus, marubucin tarihi Barome wanda ba ya ƙaunar Kirista, ya rubuta wajen 116 cewa gwamna Bilatus ya kashe Almasihu a zamanin Tibariyas, sarkin Roma. Sannan ku buɗe surar Korantiyawan ku karanta tare, aya ta 1 zuwa ta 20.