Amsa ga almajiri kan saita ƙwan eksire ba tare da ɓata lokaci ba

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa aikin saita ƙwan eksire da ya ci maka kwana biyu nake gama shi kafin yamma, ka kuma nemi sanin ko akwai matakan da gwanaye ke tsallakewa ba sa faɗa wa yaransu. Babu matakin da nake tsallakewa. Abin da ya bambanta aikina da naka shi ne jerin da nake bi da kuma yadda nake tattalin zafin ƙwan, domin yawancin lokacin da ka ɓata ya tafi ne wajen zaman jiran ƙwai ya huce da maimaita awon da ka riga ka yi.

Sai ka fahimci abin da kake saitawa tukuna. Tun daga ƙwan da William Coolidge ya ƙera a 1913, tushen aikin bai canza ba: ana zafafa siririn zaren tungstin, wanda nake kira lagwani, ya saki elektiron, wutar mai ƙarfi kuma ta fizge su su bugi faifan ƙarfen da ake kira anod, inda eksire ke fitowa. Daga cikin ƙarfin da ke shiga, kusan kashi 99 cikin 100 zafi yake zama, abin da ke fitowa a matsayin hasken eksire bai wuce kashi 1 ba. Idan ka harba eksire a kan 80 kV (ƙarfin wutar da ke fizgar elektiron) da 200 mA (yawan wutar da ke ratsa ƙwan) na rabin daƙiƙa, ka zuba wa faifan makamashi kimanin jul 8,000 ke nan a wuri ɗan ƙarami, shi ya sa aka yi faifan yana juyawa wajen sau 3,000 a minti, a wasu na'urorin har kusan 10,000. Kowace harbawa bashi ce da za ka biya da jira, saboda haka kada ka danna maɓalli sai ka san tambayar da harbawar za ta amsa maka.

Kafin komai, karanta tarihin kurakuran da na'urar ta adana, ka duba wutar da ke shigowa janareta da bakin manyan wayoyi, ka tabbatar takardar saitin mitarka ba ta ƙare ba, domin wanda ya saita na'ura da mitar da ta kauce ya dasa kuskure ne da hannunsa. Daga nan ka ɗumama ƙwan kamar yadda littafin kamfanin ya tsara. Idan sabo ne ko ya daɗe a ajiye, ɗumamawa kaɗai ba ta isa ba, sai ka hore shi: ka fara daga ƙaramin kV ka riƙa hawa sannu a hankali, domin ragowar iskar da ta taru a cikinsa ta lafa. Ina matashi na taɓa gajarta wannan mataki saboda ana jirana, ƙwan ya yi ta tartsatsi a ciki da zarar na hau sama, na koma farko na kwana a kan aikin. A ranar na yarda cewa sauri kan haifi nawa.

Awon kV ne ke zuwa farko, domin sauran duka a kansa suke tsaye. Yawan hasken da ke fitowa yana ƙaruwa kusan daidai da kV sau kansa, don haka kuskuren kashi 5 cikin 100 a kV yana zama kusan kashi 10 a abin da majiyyaci ke karɓa. Idan ka fara da mA, daga baya ka gyara kV, dole ka sake komawa baya, kuma ina zaton nan ne kwananka na biyu ya tafi.

Saitin mA shi ne inda aikin yake da nauyi. Janareta ba ya ba da mA kai tsaye. Wutar lagwani yake sarrafawa, kuma ɗan ƙari kaɗan a zafin lagwani yana ɗaga mA sosai. Abin da kake yi shi ne koya wa janareta irin wutar da lagwani ke buƙata a kowane matsayi, ga ƙaramin lagwani da babba kowanne da teburinsa, misali wanda tabon da elektiron ɗinsa ke buga a anod yake milimita 0.6 da mai 1.2. A ƙananan kV ka ƙara lura, domin elektiron kan taru kamar gajimare a bakin lagwani su hana na bayansu fita, ta yadda mA ke dogara da kV fiye da yadda yake yi a sama. Lagwani kuma yana sirancewa da shekaru, tebur na bara ba lallai ya dace da bana ba. A wannan mataki ba ka buƙatar haske ya fito ɗaki, saboda haka rufe tagar kolimeta, wato akwatin da ke iyakance faɗin hasken, gaba ɗaya, ka tsaya bayan katangar dalma, ka yi amfani da gajerun harbawa. Fara da ƙananan mA ka hau zuwa manya, ido a kan ma'aunin zafi. Idan na'urar tana da tsarin saita kanta, bar ta ta yi, amma ka auna wasu matsayai da mitarka bayan ta gama, musamman na ƙasa da na ƙoli.

Lokacin da ƙwai ke hucewa ba lokacin zama ba ne. A cikinsa nake rubuta sakamako, in shirya mita, in jera alamomin gwajin da ke nuna ko hasken fitilar kolimeta ya dace da inda eksire ke sauka, wanda bai kamata ya kauce fiye da santimita 2 ba a tazarar santimita 100. Mitar zamani tana ba ka kV da tsawon lokaci da yawan radiyeshan da kaurin alminiyam da ke rage hasken zuwa rabi a harbawa ɗaya, to me zai sa ka harba sau huɗu? Ajiye ta a tsakiyar haske, a tazara ɗaya da ka auna da awo, a gicciye da layin da ke tsakanin lagwani da anod, domin ɓangaren anod ya fi rauni. Kada ka motsa ta har ka gama, saboda ninka tazara yana mayar da hasken kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ɗan gusawa kaɗan yana ɓata kwatanci.

Tsarin da ke yanke harbawa da kansa idan hoto ya ƙoshi shi ne na ƙarshe, tunda yana dogara da duk abin da ya gabata. Bayansa ka maimaita harbawa ɗaya sau da yawa ka ga ko sakamakon yana tsayawa wuri ɗaya, ka adana kwafin saitin a wajen na'urar, ka rubuta lambobin da ka tarar kafin gyara tare da na bayan gyara. Gobe za mu yi aikin tare, ka zo da jerin harbawarka a rubuce, kowacce da dalilinta a gefe, in duba kafin mu kunna janareta.