Amsa ga 'yar'uwar da tramadol ya fara fin ƙarfinta

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba mu lafiya. Kin ce ciwon baya ya hana ki barci, tramadol kuma ya fara fin ƙarfinki, kina tambaya ko sabon maganin nan na Amurka zai raba ki da shi. Wallahi irin ciwona ke nan, daga ƙugu yake tasowa ya bi cinya har tafin ƙafa.

Sunan maganin suzetrigine, ana sayar da shi da sunan Journavx, kuma a Janairun 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi. Ba ya hawa kai, a jijiya yake tare saƙon ciwo tun kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Amma kada ki sa rai da yawa. Don ciwo mai wucewa aka ba shi izini, irin na bayan tiyata. Da aka gwada shi kan masu irin ciwonmu a 2024, bai nuna ya fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. Ga tsada, da ya fito a 2025 ƙwaya ɗaya ta haura dala 15.

Ni abin da har yau yake ci mini rai, daren da maigidana ya kai ni asibiti ina rarrafe. Wata nas ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa abokiyar aikinta, "Irinsu ne, allura suke zuwa nema." A gaban mijina fa! Ina kwance kan benci, zanena ya jiƙe da gumi, ita tana ta danna waya. Ko katina ba ta buɗe ba. Na bar ta da Allah.

Don Allah kada ki yanke tramadol rana ɗaya, jiki zai yi ta rawa, ga gumi ga rashin barci. Likita ya riƙa rage miki kaɗan-kaɗan. Ki tambaye shi amitriptyline ko duloxetine, ni na farkon ne ya dawo mini da barci, sai dai yana busar da baki. Shan maganin ciwo diclofenac kullum kuwa ciwon ƙoda da gyambon ciki yake iya jawowa, mai kemis ba zai gaya miki ba. Ki je sashen gashin ƙashi na asibiti ma. Kuma ki daina ɗaukar jarkar ruwa, dangin miji su ce ƙyuya ce, su daɗe ba su faɗa ba.

An taɓa yi miki hoton baya kuwa?